Darasi na Goma Sha Huɗu: Farautar Malam-Buɗe-Littafi a Bakin Binuwai

Idan kun taɓa tsayawa a bakin kogin Binuwai a Jimeta da hantsi, wajen ƙarshen damina, wataƙila kun ga wasu ƙwari masu fukafukai farare da rawaye sun yi dafifi a kan danshin yashi. Suna buɗe fukafukansu suna rufewa kamar mai karatu yana juya shafi. Saboda haka ne Hausawa suka raɗa wa wannan ƙwaro suna malam-buɗe-littafi. Suna ɗaya ne a bakin Bahaushe, amma masana sun ƙirga iri fiye da dubu a Nijeriya kaɗai. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya yi shekaru yana yawo a dazuzzukan Afirka ta Yamma da raga a hannu, kuma a 2005 ya fitar da babban littafinsa a kansu. Ku ma kuna iya fara irin wannan aiki daga bayan ajinku.

Kayan aikin ba su da tsada. Ku sami tsohon gidan sauro, ku ɗinka jaka mai zurfi, ku zagaye bakinta da waya mai kauri, sannan ku ɗaura ta a jikin gora. Ku tanadi takardu da za ku naɗe su kusurwa uku, da fensir, da ɗan littafin rubutu. Ku fita tsakanin ƙarfe tara na safe da azahar, musamman a watannin Satumba da Oktoba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan wuce digiri 40, wahala za ku sha fiye da abin da za ku samu. Wasu irin ba sa kula fure, sai dai ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba, don haka ku ajiye musu kaɗan a inuwa ku koma gefe.

Akwai kuma 'yan uwansu masu fita da dare, waɗanda kuke gani suna kewaya fitila. Asu mai cin tufafi a cikin akwati ɗaya ne daga cikinsu, kuma a duniya sun ninka na rana yawa sau da dama. Kada ku ce launi ne zai raba muku su, domin akwai na dare masu ado, akwai na rana masu launin ƙasa. Ku dubi 'yan ƙahonni biyun da ke kansu. Na rana ƙahonsa siriri ne, da ɗan kulli a ƙarshe kamar kan ashana. Na dare kuwa nasa ko dai kamar zare yake, ko kamar gashin tsuntsu. In kuna son ganinsu da yawa, ku rataya farin zane a bango bayan isha'i, ku haska shi da fitila.

Yanzu ga inda aikin yake da daɗi, kuma yake da ruɗi. Ku nemi tumfafiya, wadda ba ta da wuyar samu a kangon fili ko gefen hanyar Yola zuwa Girei. Ku juya ganyenta. Mai yiwuwa ku tarar da tsutsa mai zane baƙi da fari da rawaya tana ci. Farin ruwan tumfafiya dafi ne, akuya ma ba ta cika son ta ba, amma wannan tsutsa tana ci ta adana dafin a jikinta. Bayan ta rikiɗe, sai ta fito malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, bakin fukafukansa baƙi da ɗigon fari. Masana suna kiran sa Danaus chrysippus. Ku lura da tashinsa: a hankali yake tafiya, ba ya gaggawa, kamar wanda ya san ba mai taɓa shi. Tsuntsun da ya taɓa cin irinsa ya yi amai, ba ya sake kusantar wannan launi.

To, akwai wani iri dabam, Hypolimnas misippus, wanda ba shi da dafi ko kaɗan. Namijinsa baƙi ne, da manyan fararen tabo masu kewayen shuɗi. Macen kuwa ta ari rigar mai dafi, har tsuntsu ya gan ta ya kauce. Ba tsuntsu kaɗai take yaudara ba, ɗalibai da yawa sun rubuta mata sunan da ba nata ba. Ku buɗe fiffiken baya ku ƙirga baƙaƙen ɗigon da ke cikinsa. Mai dafi yana da uku ko huɗu a tsakiya, ita kuwa ɗaya ne gare ta, can kusa da gefen gaba. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, wanda ya zauna a dajin Amazon daga 1848 zuwa 1859, shi ne ya fara bayyana dalilin irin wannan kamanni, kuma har yau da sunansa ake kiran sa.

Idan kun kama, ku riƙe shi a ƙirji ta bayan raga, kada ku murza fukafukai, domin garin da ke manne muku a yatsa shi ne launinsa. Ɗaya ko biyu daga kowane iri sun isa. Sauran ku ɗauki hotonsu da waya, sama da ƙasa, ku sake su. A ganina, ga mafi yawan ɗalibai hoto mai kyau ya fi akwati cike da gawarwaki da kiyashi zai cinye kafin ƙarshen zango. Wanda kuka ajiye kuwa, ku sa shi a takarda, ku jefa kafur a kwalin. A gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda wani sashensa ke cikin Jihar Adamawa, ba a kama komai sai da izinin hukuma.

Kafin ku bar wurin, ku rubuta a jikin takardar inda kuka kama shi, da kwanan wata, da shukar da kuka same shi a kai, da sunanku. “Bakin tafkin Gerio, Jimeta, a kan tumfafiya” bayani ne da wani zai iya amfani da shi bayan shekara hamsin. Suna in an yi kuskure, masani zai gyara. Wuri da rana in an manta, babu mai iya dawo da su.

Kada ku ɗauka wannan wasan yara ne. A 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a gonakin masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Uwarta ƙwaron dare ce mai launin toka, ba wanda zai dube ta sau biyu. Cikin 'yan shekaru ta bazu a yawancin ƙasashen Afirka, tana shiga zuciyar masara tana cinyewa. Ana gane ta da wani zane a kanta mai kama da harafin Y a kife, da baƙaƙen ɗigo huɗu kusa da wutsiya. Manomin da ya gane ta tun tana ƙarama yana iya ceton gonarsa, wanda bai gane ba sai ya ga ganye ya zama rariya. In iyayenku suna noman masara a fadamar Binuwai, ku leƙa zuciyar shukar da sassafe, ku rubuta abin da kuka gani.

Ma'anar Kalmomi

dafifi: taruwa da yawa a wuri ɗaya
hantsi: lokaci tsakanin safiya da tsakar rana
rikiɗe: sauya kama gaba ɗaya
kafur: farin ƙwallo mai ƙarfin wari da ake sa wa cikin tufafi don korar ƙwari

Tambayoyi

1. Me ya sa Hausawa suke kiran wannan ƙwaro malam-buɗe-littafi? Yaya ake kiran sa a harshenku?
2. Wace riba macen da ba ta da dafi take samu daga kama da mai dafi?
3. Ku nemi tumfafiya kusa da makarantarku, ku rubuta jimloli biyar a kan abin da kuka samu a ganyenta.