Suna da Aiki: Sauyin Ma'anar Mazantaka da Matantaka a Fagge da Sabon Garin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda matsayin namiji da na mace ke sauyawa a Fagge da Sabon Gari. Ta nuna cewa ayyukan jinsin biyu sun sauya, amma sunayen da harshe ke kiransu da su suna nan yadda aka gada, kuma giɓin da ke tsakanin suna da aiki na daga cikin abubuwan da ke girgiza zaman aure a yau.

1.0 Gabatarwa

A tunanin Bahaushe na gargajiya, haihuwa kaɗai ba ta cika mutum namiji. Sai ya yi aure, ya ɗauki nauyin ci da sha da sutura da muhalli, sannan a kira shi maigida. Ita kuwa mace, darajarta na rataye da aure da kunya da tsare cikin gida. Harshe ma ya ba da shaida: "namijin ƙoƙari" yabo ne ko da mace ce ta yi shi, macen da ta yi fice kuma "kallabi tsakanin rawuna" ce, wato baƙuwa a fagen da ba nata ba.

2.0 Dalilin Zaɓen Fagge da Sabon Gari

Unguwannin biyu duka a wajen ganuwa suke. Fagge tsohon zango ne na ayarin fatake, Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka kafa shi wajejen 1913 domin baƙi 'yan Kudu da suka biyo jirgin ƙasa. A nan ne Bakano ya saba ganin matan Yarabawa da na Ibo zaune a rumfar kasuwa suna ciniki da maza ido da ido. A nan kuma Rudolf Gaudio ya yi wani ɓangare na bincikensa kan 'yan daudu, wanda ya fito a 2009, inda ya bayyana mazan da suka riƙi girki da sayar da abinci a matsayin sana'a. Ke nan, iyakar da ke tsakanin aikin maza da na mata ta daɗe da yin laushi a wannan yanki fiye da cikin birni.

3.0 Mace: Daga Ɓoyayyen Ciniki zuwa Bayyananne

Kuskure ne a ɗauka cewa neman kuɗin mace sabon abu ne. Polly Hill a 1969 ta yi bayanin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida a ƙasar Katsina, Enid Schildkrout kuma ta nuna a shekarun 1970 yadda tallar yara ke haɗa matan Kano da kasuwa. Abin da ya sauya shi ne hanya da girman jari. Wayar salula ta maye gurbin farantin talla. Matar aure kan sari atamfa da leshi a Kantin Kwari, ta tallata a WhatsApp ko Instagram, kuɗi ya shigo asusunta na banki, mai adaidaita sahu ya kai kaya.

Shi kansa adaidaita sahun abin lura ne. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000 da kafa Hukumar Hisba a 2003, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana mata hawa acaɓa a 2005, ta kawo babura masu ƙafa uku domin su. Manufar ita ce raba maza da mata, amma matakin ya zama amincewa a hukumance cewa fitar mace zuwa makaranta da asibiti da kasuwa ta zauna daram.

4.0 Namiji: Suna Ba Ƙarfin Aljihu

Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka yi ta durƙushewa, albashi kuma ya kasa riƙe gida. Samari da yawa sun koma sana'o'in da ke kusa da fagen mata: ɗinkin kayan mata a shagunan Fagge, ko dafa taliya da ƙwai a teburin mai shayi. Ba a kiran mai shayi ɗan daudu, domin al'umma ta ɗauki aikinsa neman halali. Wannan na nuna cewa ma'aunin mazantaka ya karkata daga irin aikin zuwa kuɗin da aikin ke kawowa.

Matsalar na tasowa ne idan kuɗin ya gaza. A gidan da matar ke cike cefane da biyan kuɗin makaranta, mijin yana nan da sunan maigida, amma yana tsoron a kira shi "mijin hajiya" ko "mijin ta ce". Matar kuma tana ɗauke da nauyin da ba shi da suna a harshe, kuma fiƙihu bai wajabta mata shi ba. Tun a 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta zana matar da miji ya yasar, ta riƙe 'ya'yanta da sana'a, a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne. Auren zawarawa da gwamnatin Kano ta fara ɗaukar nauyi a 2012 shi ma ya haɗa da ba amare jari, wato hukuma ta gane cewa aljihun miji kaɗai ba ya riƙe aure.

5.0 Kammalawa

Sauyin da ake gani a Fagge da Sabon Gari bai rushe tsarin maigida da uwargida ba. Ya dai raba sunayen da ayyukan da suka haife su. Aikin da ke gaban manazarta Hausa shi ne tattara kalmomi da habaice-habaicen da ma'aurata ke amfani da su kan cefane da jari da bashi, a zaurukan sulhu na Hisba da kotunan Shari'a da finafinan Kannywood, domin a gano ko harshe ya fara ƙirƙiro wa matar da ke ciyar da gida sunan yabo, ko kuwa har yanzu sunan zambo kaɗai yake da shi ga mijinta.