Maigida Yana Waje, Amma Ina Ne Gidansa?

'Ya'yana mazauna Ingila, musamman ku da mazajenku suka tafi neman halak a Saudiyya ko Katar ko Dubai, ku ara mini kunnuwanku.

Kwanakin baya a wani taron suna wata yarinya ta ja ni gefe, goyonta na barci, ta zaro wasiƙa daga jaka duk ta tattanƙwashe don yawan buɗewa. "Inna, don Allah duba mini." Shekara biyu ke nan ana rage mata kashi 25 cikin ɗari na harajin gida, wato Council Tax, rangwamen da ake yi wa gidan da baligi ɗaya ne kawai a ciki. Ƙawarta ce ta ce mata tunda maigida ya tafi, ai ta zama ita kaɗai. Yanzu ga hukuma ta ce a dawo da kuɗin kaf. A harajin fam 2,000 a shekara, bashin fam 1,000 ke nan ya faɗo mata rana ɗaya.

Ban ga laifinta sosai ba. Ita ke kai yara makaranta, ita ke fitar da shara, ita ke rufe ƙofa da dare. Sai dai doka ba kwanakin da mutum ya yi a gida take ƙirgawa ba. Abin da take tambaya shi ne, ina ne ainihin mazauninsa? A 1993 kotu ta yi hukunci kan wani mutumin birnin Hull da ke aiki a Saudiyya, yana kwana a masaukin da wurin aikinsa ya ba shi, ba ya zuwa gida sai 'yan makonni a shekara. Kotu ta ce mazauninsa Hull ne, domin can matarsa take, can gidansa yake, can kuma zai koma ranar da aiki ya ƙare. A kan harajin da ya gabaci na yanzu aka yi shari'ar, amma da wannan ma'aunin ake awo har gobe. Mu ma ai haka muka sani: fatake sukan yi wata da watanni a hanyar Gwanja, ba wanda ya taɓa cewa sun tashi daga garinsu.

Saboda haka ki tambayi kanki, 'yata. Sunansa na kan takardar haya? Kayansa na cikin kwaba? Nan yake sauka in ya sami hutu? In amsar e ce, da wuya rangwamen nan ya zama naki. In kuwa ya tare can dungurungum, wannan wata magana ce, hukuma za ta duba hujjojinku. Wanda yake karɓar rangwame kuma halinsa ya canza, kwana 21 gare shi ya sanar, in ba haka ba ana iya cin sa tarar fam 70 a Ingila.

Tallafin Universal Credit kuma nasa tsarin daban, nan ne mutane ke rikicewa. A mafi yawan lokuta wata ɗaya kawai ake yi wa wanda ya bar ƙasar uzuri. Bayan haka za ki iya nema ke kaɗai, amma albashinsa da ajiyarsa na cikin lissafi muddin ana ɗaukar ku ma'aurata, ajiyar da ta haura fam 16,000 kuwa tana rufe ƙofa. Sai rashinsa a gida ya wuce wata shida, ko an san zai wuce, sannan lissafin ya sauya. Kin ga ke nan ofishi ɗaya na iya ɗaukar ki ke kaɗai, ɗayan ya ce ku biyu ne, kuma kowanne yana kan dokarsa.

Ku da bizarku ta hana cin kuɗin tallafin gwamnati, ku ninka hattara. Rangwamen kashi 25 ɗin ba ya cikin abin da aka hana, amma Universal Credit yana ciki, haka ma ragin harajin gida da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Kuskure a nan yana iya taɓa takardar zama, wadda ta fi kowane rangwame tsada.

Ku kuma maza, kada ku ɗaga jaka ku bar mace da fom tana cikewa da ka. Ku zauna tare kafin tafiya, ku rubuta wa hukuma ranar tashi, tsawon kwantiragi da inda za a sauka, ku nemi amsa a rubuce, ku adana ta. Citizens Advice suna ba da shawara kyauta.

Yarinyar nan dai mun rubuta wasiƙa tare, an yarda ta riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. In akwai irin wannan ambulan a ƙarƙashin matashinki, 'yata, ki buɗe shi yau.