Baba ya rantse sai ya biya takalman da wuta ta cinye

Hajiya,

Daga Altadena nake rubuto miki, wani gari a gindin duwatsu arewa da birnin Los Anjalis, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mahaifina Bakano ne, ɗan unguwar Dukawa, kuma da sana'ar gidansu ya riƙe mu a nan. Ya fi shekara talatin yana gyaran takalmi a wani ɗan shagon haya. Inna ke karɓar aiki tana rubuta rasit, Yayana na kan keken ɗinki, ni kuwa tun ina firamare nake goge takalma ranar Asabar. Akwai waɗanda Baba ya gyara wa takalmin makaranta, yau su ke kawo masa na 'ya'yansu.

Daren 7 ga Janairun 2025 wutar daji ta taso daga kwarin Eaton, iska na kora ta cikin gari. Gidanmu ya tsira, hayaƙi kawai ya ɓata shi. Shagon ya ƙone ƙurmus: injuna, fatu, basillar da Baba ya zo da ita daga gida, har littafin rasit. Masallacin Al-Taƙwa da yake Juma'a shi ma ya tafi. Mai ginin ya ce ba zai sake ginawa ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne kayan mutane da ke shagon a daren. Akwai takalmin amarya, akwai na wani dattijo mai ciwon suga wanda aka ƙera masa na musamman, akwai jakunkuna. Baba ya ce amana ce, ya rantse sai ya biya kowa. Ya fara taɓa kuɗin da ya tara don tsufansa, yana bin mutane da ambulan, wasunsu ma gidajensu sun ƙone. Maƙwabta da tsofaffin kwastomomi sun haɗa masa gudummawa, ya ce a mayar, wai bai zo Amurka bara ba. Yanzu wuni yake a gareji shiru, abinci sai an yi da gaske.

Yaya ya ce a sayar da gidan, tunda masu saye na ta bugo waya, a mayar da su Baba Kano su huta. Inna ba ta ce komai ba. Ni zuciyata ta ƙi, amma ba ni da hujjar da zan ba shi. Shin dole ne Baba ya biya? Kuma Yaya ne ke da gaskiya?

Taki,
wata 'yar baduku a Altadena

'Yata,

Allah Ya mayar muku da mafi alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wutar nan ta kashe mutum 19, ta ci gine-gine sama da 9,000, saboda haka ki sani Baba na cikin dubban da ke zaune shiru irin nasa a garin nan.

Zan fara da maganar biya, don ita ce ƙayar da ta soke shi. Baba bai ƙirƙiri wannan damuwa ba, da ita aka rene shi. A fiƙihun Malikiyya da ya taso a kai, mai sana'ar hannu kamar baduku ko tela ko maƙeri yana lamunin kayan da aka bar masa. Haka yake a Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano. Malamai sun tsaurara ne don kada mai sana'a ya yi sakaci da dukiyar mutane sannan ya ce ta ɓata. To amma hukuncin yana da ɗaya gefen, wanda nake jin Baba ya manta cikin ruɗani: mashhurin zance a mazhabar shi ne, idan hujja ta tabbata cewa kayan sun halaka ba da sakacinsa ba, lamuni ya faɗi. Wace hujja ta fi wutar da duniya ta gani a talabijin, wadda ta share layi guda na shaguna a dare ɗaya? Bai bar risho a kunne ba, bai manta da gam kusa da wuta ba.

Sai dai kada ke ki faɗa masa wannan. Uba irin naku ba ya karɓar fatawa daga bakin 'yarsa, musamman fatawar da za ta sauƙaƙa masa, zai ɗauka tausayinsa kike ji. Ki nemo limamin da yake girmamawa, ko wani malami a Kano da zai yarda da shi, su yi magana ta waya. Ki gaya wa malamin batun rantsuwar, domin idan ya rantse da Allah ne akwai kaffara, kuma sanin cewa akwai ƙofar fita ta halal zai sauke masa nauyi.

Shi malamin zai iya tuna masa da abu na biyu. A hadisin Ƙabisa da ke cikin Sahihu Muslim, an halatta neman taimako ga wanda annoba ta share dukiyarsa, har ya miƙe da ƙafarsa. Baba ko roƙon bai yi ba, kawo masa aka yi. Kuma ni a ganina mayar da kuɗin nan yana da ciwo ga waɗanda suka haɗa. Mutumin da gidansa ya zama toka, ya ciro daga ɗan abin da ya rage masa ya ce a kai wa mai gyaran takalmi, yana nufin yana son garinsu ya dawo da mutanensa. Altadena gari ne da baƙaƙen fata da yawa suka samu damar mallakar gida tun shekarun 1960, lokacin da ake rufe musu ƙofa a unguwanni da dama. Shi ya sa bayan gobarar aka ga alluna a bakin filaye masu cewa garin ba na sayarwa ba ne. Gudummawar da aka kawo wa Baba daga wannan zuciyar ta fito.

Yanzu ga abin da nake so ki yi da hannunki. Ɗauko takardar inshorar shagon, idan akwai, ki karanta ta layi-layi. Inshorar kayan mai shago daban take da ta kayan mutane da ke hannunsa, kuma masu wanki da masu gyara da yawa suna da wannan sashe na biyu. Idan yana ciki, kamfanin ne zai biya kwastomomi. Ku zauna ke da Inna ku rubuta duk abin da kuka tuna na shagon, injin-injin, da hotunan da ke wayoyinku da rasitan banki, don duk wata diyya da za a nema sai da wannan lissafi. Kada Baba ya sa hannu a kowace takardar sulhu ko ta sayarwa sai lauya ya duba, akwai ƙungiyoyin lauyoyi masu taimaka wa waɗanda gobarar ta shafa kyauta.

Amma takarda ba za ta fitar da shi daga gareji ba. Abin da zai fitar da shi aiki ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tashi da asuba don takalmin wani, ranar da babu takalmin da ke jiransa bai san me zai yi da hannuwansa ba. Babban jarin shagon nan bai ƙone ba: gwanintarsa tana nan, mutanen da suka san shi suna nan, sun dai watse zuwa Pasadena da garuruwan kusa. Ki nemi wani mai gyaran takalmi a Pasadena ya ba shi benci kwana biyu a mako. Guduma, basilla, zare, gam da wuƙa sun isa a fara canza dunduniya da ɗinke tafi, manyan injuna sa biyo baya. Kuma ga yadda amanar tasa za ta samu mafita mai kyau: duk wanda kayansa suka ƙone a shagon, a yi masa gyara kyauta na wani lokaci. Baba zai ji yana sauke abin da ke wuyansa, kuɗin tsufansa ba su ƙare ba, mutane kuma sun samu dalilin zuwa wurinsa. Zumunci a ƙafa yake, ki ɗauke shi a mota ku bi su ɗaya-ɗaya ya gaya musu da bakinsa inda ya koma. Dattijon nan mai ciwon suga shi kaɗai zan ware. Takalminsa magani ne, ƙafar mai suga ba a wasa da ita. Idan har bai samu wani ba, a sayo masa daga kuɗin gudummawar, ina jin Baba zai fi saurin karɓarsu idan ta nan aka fara kashe su.

Batun Yayanki kuwa, kada ki ɗauke shi maƙiyi. Shi ma sana'arsa ce ta ƙone, kuma wataƙila babu wanda ya yi masa jaje kamar yadda ake yi wa Baba. Sai dai ban goyi bayansa ba a yanzu. Gidan da aka sayar cikin firgici arha yake tafiya, masu bugo wayar nan sun san haka. Kanon da Baba ya bari kuma ta sauya, sa'o'insa da yawa sun riga mu gidan gaskiya, zai iya zuwa ya tarar da wani garejin ne kawai ya canza. Ku roƙi Yaya a jingine maganar sayarwa shekara guda. Idan Baba na marmarin gida, ya je ziyara da tikitin dawowa, ya zaga Dukawa da kasuwar Kurmi, ya sayo sabuwar basilla da fata mai kyau. In ya dawo ya ce can yake so, to shawararsa ce, kowa ya bi.

Ki sa masa ido sosai. Idan rashin ci da rashin barci suka ci gaba, ko ya fara cewa rayuwarsa ba ta da amfani, ki kai shi wurin likita ba tare da jira ba, kuma lambar 988 ta agajin masu damuwa tana amsa kira dare da rana a Amurka. Ki kula da shi musamman idan iskar Santa Ana, irin wadda ta kora wutar, ta dawo da kaka, ƙararta kaɗai tana tayar wa mutane da daren nan.

Wasiƙarki ta ba Inna layi biyu kacal, ita da ta san sunan kowane kwastoma da lambar ƙafarsa. Littafin rasit ya ƙone, amma rabinsa na cikin kanta, kuma ita ma ta rasa wurin zamanta na kullum. Kafin ki kira malami ko lauya, ki shiga ɗakinta ki rufe ƙofa, ki tambaye ta ita me take so. Ki rubuto mini abin da ta ce.