Nisan Kano Zuwa Jidda Ta Sama da Hukuncin Sallar Kasaru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi tambayar da maniyyata aikin Hajji kan yi. Cewa suke, kakanninmu sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wasu watanni wasu shekaru, kafin su ga Makka. Yau kuwa jirgin sama yakan tashi daga Kano ya sauka Jidda cikin kimanin awa 5. Shin wanda ya yi tafiya a zaune haka, ba wata wahala, yana da izinin kasaru?

Amsa ita ce, yana da shi. Shari'a ta rataya kasaru a kan nisan tafiya, ko an gaji ko ba a gaji ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid, nisan shi ne baridi 4, watau mil 48, kimanin kilomita 80 da 'yan kai, a tafiya kaɗai ban da komowa. Tsakanin Kano da Jidda kuwa ta sama akwai kimanin kilomita 3,400. Ya ninka nisan kasaru wajen sau 40.

Mu gwada da garuruwanmu na gida. Mutumin Kusada da ya nufo kasuwar Kankiya, ko da ƙafa ya tako cikin zafin rana, ba shi da kasaru, domin nisan bai kai ba. Daga Kankiya zuwa Katsina ma kimanin kilomita 60 ne, shi ma bai kai ba. Amma daga Kankiya zuwa Kano ya haura kilomita 100, saboda haka kasaru ya tabbata.

A nan ne ake yawan kuskure. Maniyyacin da ya fito daga Kankiya zuwa filin jirgin Katsina da niyyar zarcewa Jidda, tafiyarsa guda ce. Da zarar ya wuce gidajen garinsu sai ya fara rage Azahar da La'asar da Lisha zuwa raka'a biyu-biyu. Magariba da Asuba ba a taɓa su. Idan aka tsayar da shi a sansanin alhazai bai san ranar tashi ba, yana sa rai yau ko gobe, zai ci gaba da kasaru ko da kwanakin sun yi yawa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (S.A.W.) ya zauna kwana 19 yana kasaru. Amma idan ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku, sai ya cika sallarsa. Haka kuma idan ya bi limami mazaunin gari, sai ya cika tare da shi.

Kasaru sunna ce mai ƙarfi, asalinta na cikin Suratun Nisa'i aya ta 101. Kada wani ya ƙi ta don ganin tafiyarsa ta yi sauƙi, domin rangwame ne daga Ubangiji, karɓarsa kuwa ladabi ne na bawa.

Allah ne mafi sani. Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya komo da su lafiya, amin.