Koyon Tuƙin Mota Mai Giyar Hannu: Jan Hankali ga Mutanen Keffi da Kewaye

Keffi gari ne na kan hanya. Motar da ta taso daga Makurɗi ko Lafiya, da yawancin waɗanda suka gangaro daga Jos ta Akwanga, sai sun ratsa ta nan kafin su ga Abuja. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja cikin watan Disamba na 1991, aka kuma yanke Jihar Nasarawa daga Filato a 1996, garuruwan bakin wannan titi suka cika suka batse: Uke, Masaka, Ado, Mararraba. Ma'aikaci ya kwana a Keffi, ya yi sammako zuwa ofis a Abuja, ya dawo bayan magariba. Ga malamai da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, ga ma'aikatan asibitin tarayya. Tuƙi ya tashi daga zama sana'ar mutanen tasha kaɗai, ya zama bukatar malami da ɗan kasuwa da uwargida.

To, wace mota za a koya da ita? Samarin yanzu sukan ce giyar hannu ta tsufa, zamanin otomatik ake ciki. Wanda zai faɗi haka ya fara leƙa tashar mota tukuna. Bas-bas ɗin haya da akori-kura, da tifofin yashi da tireloli, da tsofaffin Golf da ke jigilar fasinja, galibinsu da hannu ake sa musu giya. Wanda ya iya giyar hannu, yini guda ya ishe shi ya saba da otomatik. Wanda ya koya da otomatik kuwa, ranar da aka miƙa masa makullin motar haya, ko ta maƙwabci da dare za a kai mara lafiya asibiti, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Da giyar hannu iyayenmu suka koya, da Bitil da Fijo 504 wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarta a 1975.

Abin da doka ta tanada

Kafin a taɓa sitiyari, a san doka. Ba a ba mutum lasin sai ya cika shekara 18. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta wa sabon direba ya bi ta makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita. Daga nan ya karɓi takardar izinin koyo, ya liƙa jan harafin L gaba da baya, kada kuma ya fita sai da mai lasin zaune a gefensa. In ya ƙware, jami'an duba motoci su jarraba shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Masu biyan ɗan tsakiya ya kawo musu lasin har gida, ba tare da sun taɓa ja da mota baya a gaban mai jarrabawa ba, kansu suke cuta, da iyalin da za su ɗauka.

Me kuloci yake yi?

Ya kai mai koyo, zauna ka dubi ƙarƙashin ƙafafunka. Abin takawa uku ne. Na hagu kuloci, na tsakiya birki, na dama totur. Ƙafar hagu ba ta da aiki sai kuloci. Ƙafar dama ita ke kai-komo tsakanin birki da totur, domin babu lokacin da ake bukatar su biyun tare. Sitiyari yana hagu, sandar giya tana hannun damanka. Haka tsarin yake tun ran 2 ga Afrilu, 1972, da Najeriya ta koma bin hannun dama a kan titi.

Yawancin masu koyarwa sukan ce wa ɗalibi, "Taka, saki a hankali," ba su gaya masa dalili ba. Ga dalilin. Inji, muddin yana raye, juyawa yake yi ba hutawa, ko da mota na tsaye. Taya kuwa wani lokaci dole ta tsaya cik. Saboda haka sai an sami abin da zai haɗa su, ya kuma raba su. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai injin markaɗe ya ga misalinsa: injin na ta kuka, amma bakin niƙan ba ya motsi sai an ɗora masa bel. A mota, faranti ne mai kaushi ke wannan aiki, an matse shi da ƙarfi jikin wani faifan ƙarfe da inji ke juyawa. In ka taka kuloci har ƙasa, farantin ya rabu da faifan, inji ya yi ta juyinsa shi kaɗai. In ka ɗaga ƙafa, su sake mannewa, ƙarfin inji ya bi ta giyabos ya isa taya.

Tsakanin rabuwa da mannewa akwai wani ɗan wuri, bai fi faɗin yatsa biyu ba a tafiyar ƙafarka, inda farantin yake fara kamawa. Duk ilmin wannan mota a nan ya taru. Ka wuce shi da gaggawa, nauyin mota ya danne inji ya shaƙe shi, mota ta yi tsalle ta mutu. Ka daɗe a kansa kana ba ta wuta, farantin ya yi ta gogayya har ya ƙone.

Ga yadda ake nemo shi. A sami fili shimfiɗaɗɗe wanda ba yara, ba awaki, ba 'yan acaɓa. Gyara kujera yadda za ka iya taka kuloci har ƙasa gwiwarka na ɗan lanƙwashe. Daidaita madubai, ɗaura bel. Girgiza sandar giya hagu da dama ka tabbata tana firi, wato ba ta cikin kowace giya. Yi bisimilla, taka kuloci, ta da inji. Sa lamba ɗaya, sauke birkin hannu. Yanzu kada ka taɓa totur ko kaɗan. Ɗago ƙafar hagu sannu sannu, kunnenka na wurin inji. Za ka ji muryarsa ta ɗan yi ƙasa, jikin motar ya ɗan yi rawa, ta fara rarrafe. Tsayar da ƙafarka a nan, ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ka ƙarasa saki. Taka kuloci, taka birki, ka tsaya. Sake. Yi ta maimaitawa har ƙafar ta san wurin ba sai ka yi tunani ba. Ko kwana biyu aka yi ana wannan kaɗai ba a yi asara ba, sannu ba ta hana zuwa. Sai bayan haka za ka fara haɗawa da ɗan totur.

Mota za ta mutu a hannunka, ba shakka, ta sha mutuwa a hannun kowane direba da kake gani. Abin kunya shi ne malamin da ke daka wa ɗalibi tsawa a kan haka. Mutumin da aka firgita ƙafarsa rawa take yi, ƙafa mai rawa kuwa ba ta iya kuloci. Wannan ya sa sau da yawa ba a wanyewa lafiya in miji ya ce shi zai koya wa matarsa, ko wa ya koya wa ƙanensa. Gara a bar wa wanda aikinsa ke nan.

Canjin giya

Lamba ɗaya ta fi kowace ƙarfi, ta fi kowace rashin gudu. Aikinta ta ɗaga mota daga tsaye. Da ta motsa, a ba ta biyu. Uku ta zirga-zirgar cikin gari ce, huɗu da biyar na buɗaɗɗen titi. Tsarin hannu da ƙafa ɗaya ne kullum: ɗaga ƙafa daga totur, taka kuloci har ƙasa, sauya giya, saki kuloci, mayar da wuta. Ido na kan hanya, ba a kallon sanda. In inji na kururuwa, giya ta yi masa kaɗan, ƙara. In yana kakkarwa yana shaƙewa, ta yi masa yawa, rage. Ribas kuwa ba a sa ta sai mota ta tsaya sarai, kuma wurinta ya bambanta: a tsohuwar Golf sai an danna sandar ƙasa an kai ta hagu can gaba, a wasu motocin tana dama ta baya. Dubi zanen da ke kan sandar kafin ka ta da motar da ba ka sani ba. Dokar gudu ga ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, 100 a babban titi mai tagwayen hanya.

Cunkoson Mararraba da tashi a hawa

Duk wanda ya bi hanyar Mararraba zuwa Nyanya da safiyar Litinin ya san mota kan yi tafiyar taku goma ta tsaya, ta sake goma ta tsaya. A nan sabon direba yake kashe kulocinsa. Ya bar ƙafa a kai rabi da rabi, yana riƙe da motar da shi, har wani wari mai kama da na ƙonannen roba ya cika motar. Warin farantin ne yake cinyewa, kuma canza shi sai makanike ya sauke giyabos gaba ɗaya. Hanyar kirki ita ce, in tsayuwar za ta wuce 'yan daƙiƙu, mayar da giya firi, ɗauke ƙafa daga kuloci, riƙe birki. Bari na gaba ya ɗan ba da rata, sannan ka bi shi da lamba ɗaya. Na baya zai yi ta danna maka oda, wani ɗan acaɓa ma ya kutsa cikin ratar. Ƙyale su, ba su za su biya makanike ba. Haka nan ko a buɗaɗɗen titi, kada a mai da kuloci matashin ƙafa. Nauyin takalmi kaɗai ya isa ya riƙa cin sa a ɓoye.

Tsayuwa a hawa ita ce abin da masu koyo suka fi tsoro, musamman in tifa ce a baya. Maganinta birkin hannu. Ja shi sama. In lokacin tafiya ya yi, taka kuloci, sa ɗaya, ba ta wuta fiye da ta fili kaɗan, ɗago ƙafar hagu har ka ji motar tana jan birkin tana son tafiya. Sannan sauke birkin hannu. Ba za ta koma baya ko taku ɗaya ba. Wasu direbobi na ganin wannan aikin 'yan koyo ne. Su dai suka sani. Ni ban ga gwanintar da ke cikin komawa da baya a fasa fitilar mutum ba. In za ka ajiye mota a irin wannan wuri, ja birkin hannu ka kuma bar ta cikin giya: ɗaya in ta fuskanci hawa, ribas in ta fuskanci gangara.

Gangara da jarabar firi

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damun mai wannan takarda. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, wata tsohuwar ɗabi'a ta ƙara samun gindin zama. Direba ya iso kan gangara, ya zare giya ya bar mota a firi, wani ma har ya kashe inji, wai yana tattalin mai. Mai koyo na zaune yana kallo, ya ɗauka wannan ita ce ƙwarewa.

A dubi hanyoyinmu. Ga gangaren Kugbo tsakanin Asokoro da Nyanya. Ga tsaunukan Nasarawa Eggon a hanyar Akwanga zuwa Lafiya, inda kwana da gangara suka haɗu, har mutane suka laƙaba wa wurin sunan da ke tuna yawan waɗanda suka halaka a can. Motar da ke cikin giya, inji ne ke riƙe ta a gangara, birki na taimaka masa kawai. Da an sa firi, nauyin mota da na fasinja da na buhunan doya duk ya koma kan birki shi kaɗai. Birki da gogayya yake aiki, gogayya na haifar da zafi, in zafi ya yi yawa sai ya daina kamawa, wani lokaci man birkin ma ya tafasa. Direba ya taka, ƙafa ta tafi har ƙasa, mota ba ta san an yi ba. Wanda ya kashe inji kuwa ya ƙara wa kansa masifa biyu. Na'urar da ke sauƙaƙa taka birki da inji take aiki, bayan taku biyu ko uku birkin ya ƙage. Sitiyari ma ya yi nauyi, in kuma aka murɗa makulli har ƙarshe yana iya kullewa ana tsakiyar kwana.

Abin takaici, man da ake ta wannan kasada dominsa ba a ma tsira da shi. Motocin zamani masu injekta, in suna gangara cikin giya ƙafa ba ta kan totur, na'urarsu kan yanke mai gaba ɗaya, domin tayoyi ne ke juya inji. A firi kuwa dole a ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu.

Ƙa'idar tsofaffin direbobin manyan motoci ita ce, giyar da za ta hau da kai tudu, da ita za ka sauko. Rage giya tun kana sama, kafin mota ta ɗauki gudu. Uku a matsakaiciyar gangara, biyu a mai tsanani ko in akwai kaya. Taɓa birki ka saki, taɓa ka saki, don ya sami sararin hucewa. Fasinja ma yana da haƙƙin magana: in ka ji inji ya yi tsit a kan gangara, ce masa, "Direba, don Allah mayar da ita giya."

In kuwa, Allah Ya kiyaye, birki ya ƙi kamawa ana cikin gangara, kada a kashe inji. Bubbuga birkin da sauri sau da yawa, wataƙila ya dawo. Sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, daga huɗu zuwa uku, daga uku zuwa biyu, kana sakin kuloci bayan kowace. Kunna fitilun gargaɗi, danna oda. Sannan ja birkin hannu kaɗan kaɗan, babban yatsa na danne da maɓallinsa, domin in tayoyin baya suka ƙage ka iya sassautawa nan take. Malamin tuƙi ya gwada wa ɗalibinsa wannan a fili, da ƙaramin gudu, tun kafin ya bar shi ya hau titin Akwanga.