Neman Nufin Allah Ta Wurin Addu'a

Darasi domin masu bi na ƙasar Karaye da Rogo

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 16:6-34; Luka 22:39-46; Yaƙub 4:13-15.

Kaka ta yi. A ƙauyukan Karaye da Rogo an yanke dawa, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu. Yanzu ne samari su kan soma shirin cin rani. Wani ya nufi Kano, wani Kaduna, wani har Legas. A ce ga wani saurayi mai bi, ya iya karatu, yana taimakon fasto ran Lahadi. Abokansa suna kiransa birni ya tuƙa a-daidaita-sahu. Dattawan ekklesiya suna cewa ya dace da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. Ubansa kuwa ya tsufa, gandu yana bukatar hannu. Hanya uku ke nan a gabansa, ba kuwa ta sata a ciki. Da dare ya kan kwanta yana tunani, ya ce, “Don me Allah ya yi ni? Wace hanya ce tasa?”

'Yan'uwa, ba saurayin nan kaɗai ke da wannan tambaya ba. Budurwar da mutum biyu ke nema tana da ita. Gwauruwa mai 'ya'ya ƙanana tana da ita. Bari mu duba yadda mai bi zai sami amsa.

1. Addu'a ba duba ba ce

Da yawa cikinmu jikokin Maguzawa ne. Mun san yadda kakanninmu su ke yi idan magana ta shige musu duhu. Mutum ya kan kama kaza ya tafi wurin boka, a duba masa ko tafiyar za ta yi kyau, ko auren zai zauna. Abin da ya ke so shi ne ya leƙa gobe, domin ya kauce wa wahala. Kubawar Shari'a 18:10-12 ta hana mutanen Allah yin haka.

Amma sai mu yi hankali, gama mutum yana iya barin boka, ya riƙe halin zuwa wurin boka. Akwai masu bi da ke yawo daga wannan mai addu'a zuwa wancan, da kuɗi a hannu, suna so a faɗa musu abin da zai faru. Wannan duba ne da sabuwar riga. Mai duba yana tambayar abin da zai same shi. Mai addu'a yana tambayar Ubansa abin da zai yi.

Akwai kuskure na biyu kuma. Wani ya kan gama shirinsa sarai, ya ɗaure kayansa, ya biya kuɗin mota, sa'an nan ya durƙusa ya ce Allah ya sa albarka. Ya mai da Allah kamar dagaci, wanda a ke kai wa takarda ya sa hannu bayan an riga an gama ciniki. Yaƙub 4:13-15 yana tsauta wa masu shirin tafiya wani birni su yi shekara suna ciniki, ba su sa Ubangiji cikin lissafinsu ba. Kamar da masu cin rani ya ke magana.

Ubangijinmu Yesu ya nuna mana addu'a ta gaskiya a Jathsaimani. Bai ɓoye abin da ke ransa ba. Ya roƙa a kawar masa da ƙoƙon shan wuya. Duk da haka ya ajiye nufinsa a ƙarƙashin nufin Uban. Ba a kawar da ƙoƙon ba, amma an aiko mala'ika ya ƙarfafa shi, ya tashi ya nufi gicciye. Ta wurin wannan biyayya mu ka sami ceto.

2. Ƙofar da aka rufe wa Bulus

Ku buɗe Ayyukan Manzanni 16. Bulus da Sila da Timothawus suna tafiyar bishara. Sun so su yi wa'azi a ƙasar Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka juya za su shiga Bitiniya, can ma aka hana su. Ku lura, abin da su ke so ba mugun abu ba ne. Wa'azi za su yi. Amma sau biyu aka rufe musu ƙofa, ba a kuwa gaya musu dalili ba.

Ba su yi fushi sun koma gida ba. Ba su kuma fasa ƙofar da ƙarfi ba. Suka bi hanyar da ta rage, har suka sauka Taruwasa a bakin teku. Sai a can Bulus ya ga wahayi da dare, ga mutumin Makidoniya yana roƙonsa ya ƙetaro ya taimake su. Suka shiga jirgi, suka iso Filibi.

Ran Asabar suka fita bayan gari zuwa bakin kogi, inda a kan yi addu'a, suka tarar da mata. A cikinsu akwai Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya. Ubangiji ya buɗe zuciyarta, aka yi mata baftisma da mutanen gidanta. To, daga ina Lidiya ta fito? Daga Tiyatira, birni ne na ƙasar Asiya, ƙasar nan da aka hana Bulus shiga. Daga baya kuma Bulus ya zauna shekara 2 a Afisa yana koyarwa, har dukan Asiya ta ji maganar Ubangiji (Ayyukan Manzanni 19:10). Ashe ba ƙin Asiya Allah ya yi ba. Lokacinta ne bai yi ba.

Wani abu kuma. A Filibi ɗin nan, inda Allah da kansa ya kai su, aka yi musu dūka, aka jefa su kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Kada mu ce wahala alama ce mun ɓace hanya. Da tsakar dare suna addu'a suna waƙa, kafin gari ya waye yarin kurkukun da iyalinsa sun ba da gaskiya.

3. Ƙofar Kano

Abin da ya sami Bulus ya faru a ƙasarmu ma. A 1893 samari 3, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan. Uwar Gowans ta daɗe tana addu'a domin wannan ƙasa, ita ce kuma ta ɗora wa Bingham nawayar. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta sami wurin zama a Patigi.

A 1900 ɗin nan kuma Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na CMS suka iso birnin Kano. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. Ko bayan da Turawa suka ci ƙasar a 1903, gwamnatinsu ta daɗe ba ta yarda masu bishara su yi aiki cikin ƙasar Kano ba. Likita Miller ya zauna Zariya tun 1905. Likita Andrew Stirrett na SIM, wanda ya bar kantin maganinsa a Kanada ya zo a 1902, ya ba da ransa ga Hausawa har ya mutu a Jos a 1948.

Me suka yi cikin shekarun jira? Suka koyi Hausa sosai, suka yi magani, suka zauna da malaman ƙasa suna juya Maganar Allah. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. A 1933 SIM ta sami izinin zama a Garko. A 1937 aka danƙa mata asibitin kutare na Yadakunya. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Da sannu bishara ta kai gidajen Maguzawa na yammacin Kano, har ga mu yau muna sujada da harshenmu.

Ku ƙidaya. Daga 1900 zuwa 1933 shekara 33 ke nan. Gowans da Kent ba su ga ko mai tuba ɗaya daga nan ba. Amma sa'ad da ƙofar ta buɗu, Littafin yana hannu, a shirye. Zafin nema ba ya kawo samu. Mai addu'a ya kan koyi jira, ya kan kuma yi aikin da ke gabansa yana jiran.

4. Abin da Allah ya riga ya faɗa

Mu kan damu da abin da Allah bai bayyana ba, mu bar wanda ya bayyana a fili. Ba aya da ta ce wa saurayin nan ya tafi Tofa ko ya zauna gandu. Amma akwai ayoyi da yawa da ke nuna irin mutumin da Allah ke so ya zama, ko ina ya ke. 1 Tassalunikawa 4:3 ta ce nufin Allah shi ne mu tsarkaka, mu rabu da fasikanci. Sura 5:16-18 ta haɗa da murna da addu'a da godiya. Kolosiyawa 3:23 tana so mu yi ko wane aiki da zuciya ɗaya domin Ubangiji. 1 Timothawus 5:8 ta ɗora mana kula da mutanen gidanmu. Afisawa 2:10 ta nuna an halitta mu cikin Kristi domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya.

Mutumin da ke cin iyakar gonar maƙwabcinsa, ko yana sayar da hatsi da ƙaramin mudu, ko yana dukan matarsa, ba ya bukatar wahayi. Tuba ya ke bukata. Uba ba ya aiken yaro kasuwar Rogo idan ya ƙi aiken da aka yi masa zuwa rijiya. Luka 16:10 ta koya mana a kan ƙaramin abu a ke gane mai aminci.

5. Yadda za mu nema

Na fari, ka keɓe lokaci da wuri. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya kan tashi da asuba ya fita inda ba kowa. Gindin ɗorawa a gona ya isa. Ka karanta, sa'an nan ka faɗa wa Allah maganar duka, har da abin da ranka ke so. Ka roƙi hikima, gama Yaƙub 1:5 ya yi alkawarin za a bayar.

Na biyu, ka bincika zuciyarka. Don me ka ke son birni? Don ka ciyar da iyayenka ne, ko don ka kuɓuce wa idon dattawa? Don me ka ke son aikin fasto? Don tumakin ne, ko don a ce maka Malam? Yaƙub 4:3 ya ce akwai roƙon da ba a amsawa sabo da mugun dalilin mai roƙo.

Na uku, ka kai maganar ga ekklesiya. Matambayi ba ya ɓata. A Antakiya, sa'ad da a ke sujada da azumi ne Ruhu ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 13:1-3). Idan masu tsoron Allah da suka san ka duk suna jan ka baya, ka dakata.

Na huɗu, ka taka. Idan ka yi waɗannan, ka ɗauki hanyar da ta fi dacewa da Maganar Allah, ka ce masa ya rufe ta idan ba tasa ba ce. Ku dubi madatsar ruwan Challawa da aka gama a ƙasar Karaye a 1992. Ruwa yana nan jingim ko da rani, amma lambun da ba a jawo masa ruwa ba zai bushe, ga tafki a kusa da shi. Alherin Allah ba ya ƙarewa. Addu'a da biyayya su ne hanyar da ya ke bi ya shigo rayuwar mutum.

To, saurayinmu fa? Mai yiwuwa Allah ya kai shi Tofa. Mai yiwuwa ya kai shi Kano, ya zama direba mai gaskiya wanda ba ya cutar fasinja. Mai yiwuwa kuma ya ce masa ya zauna. A Markus 5:18-20 mutumin da aka warkar ya roƙa ya bi Yesu cikin jirgi, amma Yesu ya mai da shi gida, ya ba danginsa labarin abin da Ubangiji ya yi masa. Ekklesiyoyinmu na ƙauye ƙanana ne. Idan dukan masu karatu suka watse, wa zai koya wa yara? Wa zai karanta wa tsofaffi? Manomin da ke riƙe da ubansa, yana zaman lafiya da maƙwabtansa Musulmi, yana koyar da ajin Lahadi shekara da shekaru, bai kasa fasto daraja a wurin Allah ba.

Ɗan'uwa, kada ka ɗaure kayanka bana sai ka durƙusa tukuna. Idan kuwa amsa ta yi jinkiri, ka tuna da shekara 33 ɗin nan, ka kama aikin da ke gabanka yau.

Tambayoyi domin aji

1. Mene ne bambancin duba da addu'a?
2. Sau nawa aka hana Bulus hanya? Me ya yi bayan haka?
3. Wane aiki aka gama cikin shekarun da ƙofar Kano ke rufe?
4. Wane abu ne ka riga ka sani nufin Allah ne, amma ba ka yi ba tukuna?

Ayar haddacewa: Misalai 3:5-6.

Abin addu'a na wannan wata: Ku tuna da samarinmu masu tafiya cin rani, Allah ya tsare su daga mugun abota. Ku tuna da ɗaliban makarantar Tofa, da fastoci da masu bishara na ƙauyukan Karaye da Rogo. Ku yi addu'a domin sarakuna da mahukunta, da zaman lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu.