Kyakkyawan Fata da Yanke Ƙauna: Abin da Tashin Zango Ya Koya Mana

 

A darasin hadisi na bana mun tsaya a kan kalmomi biyu na Larabci, tafa'ul da tasha'um. Tafa'ul shi ne mutum ya sa rai ga alheri, ya kyautata wa Ubangijinsa zato. Tasha'um kuwa shi ne ya riƙa hango sharri tun bai zo ba, har ya fasa aikin da ya yi niyya. Larabawan jahiliyya idan za su yi tafiya sai su kori tsuntsu: in ya tashi ta dama su kama hanya, in ya yi hagu su koma gida. Shi ya sa ake ce wa wannan camfi ɗiyara, daga ɗair, wato tsuntsu. Manzon Allah (SAW) ya hana shi, amma ya kasance yana son kalma mai daɗi wadda ke ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da Ƙuraishawa suka aiko Suhailu ɗan Amru don yin sulhu, Annabi ya yi wa sahabbai fatan sauƙi saboda sunan mutumin, domin asalin sunan daga kalmar sauƙi yake.

Mun yi ta dariyar masu korar tsuntsu, sai Malam ya tambaye mu wa bai taɓa jin gabansa ya faɗi ba don mujiya ta yi kuka a kan rufin gidansu. Aji ya yi tsit. To amma mu a ganinmu camfin mujiya mai sauƙi ne. Wanda ya fi cin mu shi ne wanda ke bakinmu kullum: "Ai mu 'yan madarasa ba mu da gaba, ofis Faransanci ake yi, wa zai ɗauke ka aiki da takardar Larabci?" Wannan magana ta fitar da abokanmu da yawa daga aji tun ba su gama ba. Don haka muka ga ya kamata mu duba tarihin unguwarmu, tunda iyayenmu sun ga abin da ya fi wannan.

Ba a nan Waga 2000 aka haifi iyayenmu ba. Zangonmu na asali yana tsakiyar Wagadugu, kusa da babbar kasuwa da babban masallaci, Mosawa suna kiransa Zangwetin, wato mazaunin Hausawa. Fatake ne suka kafa shi, kuma jikokinsu a kasuwa suka dogara. A shekarar 2003 abu biyu suka faɗo musu. Ranar 27 ga Mayu gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka rushe Zango da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi, kamar su Tiedpalogo da wani ɓangare na Kuluba, saboda shirin ZACA na gina ofisoshi da manyan shaguna. Mutum sama da 12,000 ne abin ya shafa. Aka biya masu gidaje diyya, aka ware filaye a nan kudancin gari da kuma Nioko. Ku duba fa: rumfa ta ƙone, gida ya tafi, duk a shekara ɗaya.

Mu ba a haife mu ba lokacin, amma mun sha jin labarin a zaure da kuma wajen kakanninmu mata. Sun ce jama'a ta rabu biyu. Wasu suka ce shi ke nan, Zango ya mutu, wa zai zauna a daji nesa da kasuwa? Wasu kuma suka ce ƙasar Allah ce, inda aka ɗora tubali nan ne gari.

Gaskiya masu maganar farko ba ƙarya suka yi ba, kuma bai kamata mu raina su ba. Wurin yana da nisa, kuɗin mota da na mai ya ƙaru, maƙwabtan shekara arba'in sun watse, kasuwa ma ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Har filin da aka tashe su daga kansa ya daɗe yana kwance, ciyawa na tsirowa a wurare da yawa. Duk abin da suka ji tsoro sun gan shi. Inda suka yi asara shi ne abin da tsoron ya sa su yi. Kakarmu takan ba da labarin wani maƙwabcinsu da ya sayar da filinsa da arha tun bai ɗora bulo ko ɗaya ba, kuɗin ya narke a haya da cefane, ya ƙare kwanakinsa yana zagayawa tsohon wurin yana nuna wa mutane inda ƙofar gidansa take. Su kuwa waɗanda suka daure, da ɗaki ɗaya suka fara, wasu da rumfar kwano, ana sallah a kan tabarma kafin a gina masallaci. Ajin da muke zaune a cikinsa yau, hannun irin waɗannan mutane ne ya gina shi. Wahala ɗaya suka sha da na farko, zafin rana ɗaya, nisa ɗaya.

Nan ne muka gane cewa kyakkyawan fata ba ya nufin mutum ba ya jin zafi. A cikin suratu Yusuf mun karanta cewa Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, amma duk da haka ya tura 'ya'yansa su je su nemi labarin Yusuf da ɗan'uwansa, ya kuma hana su ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Shi ne kuma ya umarce su da su shiga gari ta ƙofofi daban-daban. Ga kuka, ga fata, ga dabara, duk a zuciya ɗaya. Haka a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5, lokacin da Annabi (SAW) ya yi wa sahabbai albishir da buɗe Sham da Farisa da Yaman, yana cikin rami ne yana fasa dutse, ga yunwa ga sanyi. Munafukai suka yi ta ba'a, muminai suka ci gaba da haƙa.

Wannan ya kamata wasunmu su ji da kyau, don akwai wani fatan na ƙarya da muka ƙware a kansa. Ɗalibi ya kwana a kan waya, bai buɗe littafin nahawu ba, da safe ya ce in sha Allahu za mu ci jarrabawa. Kai ɗan'uwa, wannan lalaci ne ka sa masa rawani. Wanda ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ai umartarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Maganar aiki kuwa gaskiya ce, takardar Larabci kaɗai ba ta buɗe kowace ƙofa a garin nan. Shi ya sa mu 'yan ajin ƙarshe muka fara zama bayan sallar isha'i, ran Litinin da Laraba, wanda ya fi ƙarfi a Faransanci da lissafi yana koya wa saura, mai ƙarfi a nahawu shi ma ya rama masa. Biyu daga cikinmu suna zuwa koyon ɗinki ran Alhamis. Muna roƙon iyayenmu su bar ƙannenmu su riƙa zuwa, kuma duk wanda ya san inda abokanmu da suka bar aji suke, ya gaya musu akwai sauran wuri a kan tabarma.